Gurbi biyar a katin magani

Tarin ya fara ne da shigowar hunturu, shi ya sa ban ɗauke shi a bakin komai ba. A Zariya wa ba ya tari a watan Nuwamba? Ga ƙura, ga sanyin asuba, ga ni kullum a gaban murhu, don sana'ata suyar waina ce a bakin titi, tun biyar da rabi nake hura wuta. Na ce hayaƙi ne. Na sha citta da zuma da lemun tsami, na sayi maganin tari a kemis har kwalba huɗu, aka yi mini allurar zazzaɓin cizon sauro, aka ce taifod ne na sha nasa maganin. Tarin ya lafa kwana biyu ya dawo.

Ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Matan ikilisiyarmu. A sujadar Kirsimeti na ɗauko waƙa, mata na kaɗa tulu da caki, ban kai baiti na biyu ba numfashina ya yanke, tari ya sarƙe ni a gaban jama'a har sai da wata ta karɓe ni. Da aka tashi kowa na cewa, "Sannu, sanyi ne." Amma na ga inda idanunsu ke sauka, a wuyana, inda ƙasusuwa suka fara fitowa. Zanen Zumunta da nake ɗaurawa ya zauna daram, yanzu sai na ƙara zagayo da shi. Da dare gumi ya jiƙa mini filo a tsakiyar sanyin Disamba, da yamma zazzaɓi ya rufe ni kamar mai biyan bashi.

Surukata ta ce jifa ne, wai masu sana'a irin tawa a layin sun ga cinikina ya fi nasu. A unguwa kuwa wata magana ce ke yawo, ba a faɗa a gabana, amma mace ta rame tana tari, kowa ya san sunan ciwon da ake raɗawa. Ni kaina tsoron wannan sunan ne ya hana ni zuwa asibiti wata biyu cur. Ina ta addu'a Ubangiji ya ɗauke mini tarin, alhali abin da nake roƙo a ƙasan zuciyata shi ne kada a gwada ni.

A ƙarshen Janairu na yi tari a hankici na ga jini. Baban yara ya gani kafin in ninke. Bai yi mini gardama ba, bai kuma tambaye ni ba. Ya fito da kekensa na haya, ya ce, "Ɗauko mayafinki."

A asibitin an tura mu wani ɗan ɗaki can gefe, mai benci biyu a waje ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ma'aikaciyar jinyar wata Musulma ce, ba ta da wasa, ba ta kuma da wulaƙanci. Ta tambaye ni tun yaushe nake tari, na ce wata biyu da ɗoriya. Ta ajiye biro ta kalle ni. "Madam, tarin da ya wuce sati biyu nan ake kawo shi, ba kemis ba." Ta ba ni ɗan gwangwanin roba mai murfi, ta ce in fita fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, in ja numfashi mai zurfi sau uku, in yi tari daga ƙirji. Majinar ƙirji take so, yawu ba ya amfani. Na fi minti ashirin a bayan ɗakin nan kafin in samu abin da zan kawo mata. Ta ce za a sa shi a wata na'ura da ake kira GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cutar tarin fuka, ta kuma nuna ko irin wadda ba ta jin babban maganin ce. Sannan ta ce duk mai zuwa wannan ɗaki ana ba shi shawarar gwajin ƙanjamau, don cututtukan biyu suna yawan tafiya tare. Ta tambaye ni ko na yarda. Abin da na gudu wata biyu ya zo ya same ni a zaune. Na miƙa yatsa.

Wannan sakamakon ya fito nan take, babu. Na yi ajiyar zuciya har na ce "Na gode Yesu" da ƙarfi. Daga baya na ji kunyar yadda na faɗe shi, don matar da ke kusa da ni a benci tana da duka biyun, tana shan magungunan duka biyun, kuma ita ce ta riƙa koya mini dabarun zaman wannan layi. Ubangijin da na gode wa bai fi ƙaunata a kanta ba.

Bayan kwana biyu muka koma. Tarin fuka ne, wanda mutane ke cewa tibi, amma irin mai jin magani. Sista ta ɗora ni a sikeli: kilo 46. Ni da na saba da sittin da wani abu. Ta ce nauyin mutum ne ke nuna yawan ƙwayar da zai sha, nawa ya kama ƙwaya uku kowace safiya kafin in ci komai. Kowace ƙwaya magani huɗu ne a haɗe, rifamfisin da isoniyazid da firazinamaid da itambutol, sunayen da na haddace daga baya kamar sunayen 'ya'yan Yakubu. Wata biyu zan yi a kan wannan, sai a sake gwada majina, in ta yi kyau a mayar da ni kan mai haɗin biyu na wata huɗu. Wata shida ke nan, kuma ko sisi ba za a karɓa ba, gwajin majina da maganin duk kyauta ne a ko'ina a Najeriya. Ta gargaɗe ni fitsarina zai koma ja kamar an zuba manja, har gumi da hawaye, kada in tsorata. Amma in idona ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, in dawo a ranar. Ta rage murya ta ƙara da cewa maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, in muna amfani da ita mu yi magana da masu wannan sashen.

Sai ta ce, "Wa zai tsaya miki?" Ban gane ba. Ta ce ƙa'ida ce a samu mutum ɗaya da zai riƙa kallon mai jinya yana haɗiye maganin kullum, ya yi alama a kati. Baban yara yana fita tun duhu, ba zai yiwu ba. Da muka koma gida ya je ya gaya wa shugabar Zumuntarmu, wadda duk muke kira Mama, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Washegari shida saura na ji sallama. Ga ta da tocila da biro. Ta ce, "'Yata, ni ba likita ba ce, amma na iya kiran suna a rajista shekara talatin." Ta tsaya na haɗiye uku, ta ce in buɗe baki ta gani, ta yi alama a gurbin ranar farko, muka yi gajeruwar addu'a, ta tafi. Haka ta riƙa yi kowace safiya.

A gida surukata ta ware mini kwano da kofi da cokali, ta hana yara shiga ɗakina. Na gaya wa Sista, ta ce a faɗa wa Inna cutar ta iska take bi, ba ta kwano ba. A buɗe tagogi, a bar rana ta shiga, in rufe baki in zan yi tari, kuma bayan kamar sati biyu ina shan magani daidai haɗarin in sa wa wani ya ragu ƙwarai. Ta ce a kawo duk mutanen gidan a duba su. An duba, babu mai shi, amma autana mai shekara uku an ɗora shi a kan maganin kariya. Inna ta saurari duk wannan bayani, ta ce to, ta ci gaba da ware mini kwanona har na gama. Ban yi faɗa da ita ba. Ita ce dai ke dafa abin da ake zubawa a kwanon.

Murhun waina kuwa ya mutu. Ko da ina da ƙarfin suya, wa zai sayi waina a hannun mai tibi? Maganin kyauta ne, gaskiya, amma hoton ƙirji ba kyauta muka yi ba, kuɗin mota ba kyauta ba, kuma maganin yana buɗe ciki ya nemi ƙwai da wake da kifi a gidan da rabin abin shigarsa ya tsaya. Matan Zumunta sun yi karo-karo sun kawo mudun wake da garin masara. Wasu sun shigo sun zauna. Wasu sun tsaya daga ƙofa suna "Allah ya ƙara sauƙi" da gefen mayafi a hanci. Wata da muka shekara goma muna zama benci ɗaya a sujada ba ta taka gidan ba sam. Maƙwabciyata Hajiya, wadda tsakaninmu bai wuce gaisuwa da aron turmi ba, ita ce ta riƙa aiko yarinya da kunun gyaɗa kowace yamma. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Watanni biyun farko ba na so in yi musu ado. Gaɓoɓina suka riƙa ciwo kamar an daddoke ni, tafin ƙafata na yi mini tsikari da dare har sai da aka ƙara mini wani ɗan bitamin. Tashin zuciya tun safe har azahar. Mafi muni kuma addu'a ta ƙi fita. Ni da ake kira in buɗe taro da addu'a, sai in durƙusa in rasa abin cewa. Na fara lissafi da Allah kamar mai bin bashi: zakkata ban taɓa riƙewa ba, sujadar asuba ban fasa ba, muryar da ka ba ni a gidanka na ƙarar da ita, me ya sa huhuna? A cikin masu zuwa gaisuwa ma akwai wadda ta ce in bincika kaina ko akwai zunubin da ban furta ba. Na bincika har na gaji, na tono abubuwan da na yi tun ina budurwa.

Ikilisiya ta sa azumin kwana uku a lokacin, na ce zan yi, ko Allah zai dube ni. Mama ta kai ƙarata wurin Baba Fasto. Ya zo da yamma, dattijo ne mai magana a hankali, ya ƙi kujerar da aka ajiye masa a tsakar gida, ya shigo ɗakin ya zauna kusa da ni. Wannan kaɗai ya sa na yi kuka. Ya ce, "Ɗiyata, na ji za ki yi azumi." Ya buɗe 1 Sarakuna sura 19, labarin Iliya da ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Ya ce in lura da abin da mala'ikan ya kawo masa. Bai kawo masa wa'azi ba, bai ce ya tuba ba. Ya tashe shi ya ce ya ci, ga abin da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, don tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Baba Fasto ya yi murmushi ya ce, "Kin ga ma kusan sana'arki mala'ikan ya yi. Azuminki na bana shi ne ki cinye abin da aka zuba miki." Game da zunubi kuwa ya tuna mini da makahon nan na Yahaya sura 9, da almajirai suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu.

Na gaya masa ba na iya addu'a. Na zaci zai ba ni wata aya mai daɗi. Sai ya ce in karanta Zabura 88. Na karanta da dare da fitilar waya. Mutumin kuka yake tun daga farko har ƙarshe, yana cewa abokansa sun guje shi, ya zama abin ƙyama a gare su, an kulle shi ba ya iya fita. Na yi ta jiran inda zai juya ya fara yabo kamar yadda sauran zaburoyi ke yi. Bai juya ba. Da duhu ya rufe. Na yi mamakin cewa an bar irin wannan a cikin Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya goge. Sati uku ita ce addu'ata, ba ni da wata. In na gama karantawa ba na jin sauƙi, amma ina jin aƙalla ban yi wa Allah ƙarya ba.

Ranar 24 ga Maris na je karɓar magani na tarar ma'aikata sanye da riguna iri ɗaya suna wayar da kan jama'a. Ashe ranar tarin fuka ta duniya ce, ranar da wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya sanar da gano ƙwayar cutar a 1882. Wani jami'i ya ce Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da ita, kuma da yawa suna gida suna shan maganin kwalba kamar yadda na yi. Na tsaya ina tunanin shekarun da mutane suka yi suna mutuwa da wannan tari kafin a san sunan abin da ke kashe su, ga shi ni ana miƙo mini maganinsa a leda ba ko kwabo.

Ƙarshen wata na biyu na sake kai majina. Wannan karon da madubin likita aka duba, ba a ga komai ba. Aka mayar da ni kan mai haɗin biyu. Tarin ya tsaya, gumin dare ya tafi, na fara cin tuwo malmala biyu. A sujadar Ista na zauna a bencin baya kusa da taga, na bi waƙa a hankali. Kowa na cewa na yi kyau.

A nan ne na faɗi, a lokacin da jiki ya dawo.

Wani mai wa'azi ya zo daga wani gari ya kafa taron farkawa na kwana uku a wani fili, ba ikilisiyarmu ce ta gayyato shi ba. Wata ƙawata ta ja ni. A dare na biyu ya ce duk mai ciwon da ya daɗe ya fito. Na fita. Ya ɗora mini hannu, ya ce an warkar da ni, ya ce wanda ya gaskata ba ya riƙe sanda biyu, in na koma gida in rabu da ƙwayoyin Masar. Mutane suka yi ta ihu, wasu suna zubar da magungunansu a gaban dandamali. Na dawo gida jikina na rawa don murna. Kuma ai gaskiya ne ba na tari. Me ya rage?

A makon ne Mama ta tafi babban taron Zumuntar Mata, ta bar katin da biro a hannun babbar 'yata mai shekara goma sha biyu. Da safe yarinyar ta kawo ruwa da maganin, na ce ta ajiye, Yesu ya gama aikin. Na ce ta yi alama a katin kawai don kada Sista ta yi faɗa. Ta tsaya tana juya biro. Ta ce, "Mama, an ce sai na ga kin haɗiye." Na daka mata tsawa. Ta fita da hawaye, amma ba ta yi alamar ba. Washegari ma haka. Kwana biyar ana wannan tsakanina da 'yar da na haifa, gurbi biyar suka zauna fari fat a jere. Ban gaya wa ubanta ba, ita ma ba ta gaya masa ba, sai dai ta daina kallon idona.

Yanzu da nake iya faɗa wa kaina gaskiya, ba bangaskiya ce ta hana ni shan maganin ba. Na gaji ne. Na gaji da ƙwaya a cikin da babu komai, na gaji da jan fitsari, na gaji da zaman bencin nan inda duk mai wucewa ya san ciwon da ya kawo ka. Ina so in koma murhuna in ce wa unguwa Allah ya warkar da ni a dare ɗaya, don wannan labari ya fi daɗin faɗa a kan cewa ina bin layi da kati. Mai wa'azin ya ba ni suna mai kyau da zan sa wa gajiyata, na karɓa hannu biyu. Alamar da ta fi nuna haka ita ce na nemi yarinya ta rubuta ƙarya. In da na tabbata aikin Allah ne, me zan ɓoye wa Sista?

Mama ta dawo ranar Litinin, ta karɓi katin ta duba. Ba ta ce mini komai ba. Ta juya wurin yarinyar ta ce, "Allah ya yi miki albarka, jikata." Sannan ta ce in ɗauko mayafi, gidan Fasto za mu fara zuwa, daga nan asibiti.

Na zaci Baba Fasto zai zagi mai wa'azin. Bai ko ambace shi ba. Ya tambaye ni, "Kin gaskata Ubangiji ya ji addu'arki?" Na ce na gaskata. Ya ce shi ma ya gaskata. Ya buɗe 2 Sarakuna sura 20. Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuskarsa bango ya yi kuka mai zafi. Annabi Ishaya bai gama fita daga fada ba Allah ya komo da shi da saƙo: an ji addu'arka, an ga hawayenka, za a warkar da kai, an ƙara maka shekara 15. Baba Fasto ya ɗago ya ce, "To, Allah da bakinsa ya riga ya ce ya warke. Karanta mini abin da ya biyo baya." Na karanta. Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun, aka ɗora, ya warke. Ya ce, "Annabin da ya kawo alkawarin shi ne ya aika a kawo ɓauren. Hezekiya bai ce a mayar da shi ba don ya riga ya ji daga sama." Ya ƙara da cewa wanda ya taɓa cewa Yesu ya faɗo daga kan Haikali don mala'iku za su tare shi, shi ma da aya ya zo a bakinsa, amsar da ya samu kuwa ita ce kada a gwada Ubangiji Allah. Ya rufe littafin ya ce, "Ɗiyata, naki ɓauren ƙwaya uku ne. Je ki ba Sista haƙuri."

Sista ba ta karɓi haƙurin da sauƙi ba. Ta ce jin sauƙi a wata na uku shi ne tarkon wannan ciwo. Maganin yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da wuri, shi ya sa tari ke tsayawa, amma akwai masu taurin kai da ke laɓe a huhu, su ake bi da watanni huɗun ƙarshe. In aka riƙa sha ana bari, su ne ke farfaɗowa, wani lokaci su dawo sun daina jin maganin. Ta ce, "Ke 'yar Zariya ce, kin san Saye, inda cibiyar tarin fuka da kuturta take. Je ki tambayi masu jinyar irin wanda ba ya jin magani yadda suke fama." Ta ce na yi sa'a kwana biyar ne. In mutum ya ɓace wata biyu, sai an sake gwaji an sake lissafi daga farko. Nawa za a ci gaba, a ƙara kwana biyar ɗin a ƙarshe. Ta miƙo kofi, na haɗiye a gabanta. Da zan fita ta ce, "Madam, mu ma muna addu'a. Amma ki sha."

Akwai wani saurayi mai gyaran babur da muka fara kusan lokaci ɗaya, mai barkwanci, shi ke sa mu dariya a benci. Ya daina zuwa a wata na uku, ya ce ya warke, aiki na jiransa. Na ga an dawo da shi a wata na biyar, mutum biyu na riƙe da shi. Bayan nan ban sake ganinsa ba, ban kuma iya tambaya ba.

Sauran watannin ba su da labari, kuma ina ganin nan ne ainihin abin ya faru. Shida saura, sallamar Mama, ruwa, ƙwaya, buɗe baki, alama. Damina ta sauka, wata rana ta zo da lema zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ba na jin komai na musamman in na haɗiye, ba wahayi, ba rawar jiki. Addu'ar da na koma yi ita ce ta uban yaron nan a Markus sura 9, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin gaskatawarsa. Ita ce daidai ni. A wata na huɗu sikeli ya nuna kilo 55, Sista ta ce na haye zuwa ƙwaya huɗu. Na ce wato ladan ƙiba ƙarin magani ne, ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta. Gwajin wata na biyar ya fito babu komai.

Na nemi gafarar 'yata wani dare muna tsince shinkafa. Ban iya dogon bayani ba, na ce, "Abin da na sa ki yi ba daidai ba ne, ke ce kika yi daidai." Ta ce, "Ba komai, Mama," ta ci gaba da tsinta. Sai can ta ce ta ji tsoro ne kada in mutu a ce ita ta rubuta na sha.

Waɗanda muka fara rana ɗaya sun gama ranar Litinin a farkon Agusta. Ni sai Asabar, saboda bashin kwana biyar. Gwajin ƙarshe ya fito, Sista ta rubuta a rajistarta cewa na warke, ta ce in tari ya dawo ko wani a gida ya fara, kada in sake bi ta kemis. Na roƙi Mama ta bar mini katin, ta ce ai nawa ne. Yana cikin Littafina, a Zabura 88, layi-layi na alamar biro shuɗi da ɗan farin wuri a tsakiya.

Na sake hura murhu a Satumba. Satin farko rabin ƙullun nake dawowa da shi gida, yara su ci har su gaji. Hajiya ce ta fara aiko yarinya da kwano a gaban kowa, daga nan masu keke abokan Baban yara suka biyo. A Zumunta an ce in karɓi waƙata, na gwada, numfashin ba ya kai ƙarshen dogon baiti kamar da. Likita ya ce ciwon kan bar tabo a huhu. Wata yarinya mai murya ce ke bayarwa yanzu, ni ina layi na biyu da tulu a gabana ina amshi. Matar nan da ba ta taka gidana ba, bencinmu ɗaya har yau. Ran Lahadin da ya wuce ta manta littafin waƙarta, muka duba nawa tare.